An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Ruwan Jidda da 'Yan Takari

Wani ɗan'uwa marubuci da nake ganin girmansa ya fitar da rubutu kwanakin baya a kan gurɓacewar ruwan sha da birnin Jidda ya daɗe yana fama da ita. Abu biyu ya kafa hujja da su. Na farko, ya ce baƙin haure ne suka ɓata garin, musamman mutanenmu 'yan Takari da suka je Umara ko Hajji suka maƙale, suka cunkushe a unguwannin da ba su da tsari, kowa ya haƙa masai inda ya ga dama, har ƙazanta ta kai ga ruwan da jama'a ke sha. Na biyu, ya ce hukumomin Saudiyya sun nuna wa duniya yadda ake mulki: sun kama jami'an da suka ci amana, sun rushe unguwannin, magana ta mutu. Ya rufe da kira ga gwamnonin Arewa su yi koyi, su sa katafila a tsofaffin unguwanninmu idan da gaske suna son a rabu da amai da gudawa.

Irin wannan rubutu yana saurin shiga ranmu. Muna da ɗabi'ar ɗaukar duk wanda ya caccaki namu a matsayin mai gaskiya da ba ya tsoro. Amma caccaka daban, hujja daban. Tarihin ruwan Jidda a rubuce yake, akasarinsa ma daga bakin hukumomin ƙasar, kuma bai goyi bayan Malam ba.

Mu fara da inda ruwan yake fitowa, tunda Malam ya tsallake wannan. Jidda ba ta da kogi, ba ta da tafki na Allah da Annabi, ruwan sama kuwa sai a yi wata da watanni ba a ga ɗigo ba. Tun zamanin Turkawa, a 1907, aka kafa injin da ke dafa ruwan teku ya fitar da na sha, wanda mutanen garin ke kira Kindasa. A 1947 Sarki Abdul'aziz ya sa aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima. A yau kusan duk abin da birnin ke sha daga Bahar Maliya yake, ana cire masa gishiri a manyan matatu irin na Shu'aiba da ke kudu da garin. Ruwan da ya fito daga irin wannan matata garau yake. Idan ya gurɓace, to a hanya ya gurɓace, tsakanin matata da bakin mai sha.

Ga yadda abin ke faruwa. Shekara da shekaru famfon Jidda ba kullum yake kawo ruwa ba, rabo ake yi unguwa-unguwa, yau a ba waɗannan, a ɗauke, sai kuma bayan kwanaki. Saboda haka kusan kowane gida yana da tankin siminti a ƙarƙashin ƙasa inda yake tara rabonsa, in ya ƙare a sayi na tanka, wadda suke ce wa wayit. A cikin harabar gidan nan kuma, wani lokaci taku kaɗan tsakani, akwai ramin bahaya, irin sokawe ɗinmu, su suna ce masa bayyara, domin an daɗe mafi yawan gidajen birnin ba a haɗa su da babban bututun kwashe ƙazanta ba. Jidda kuwa a bakin teku take, ƙasarta kwance, ruwan ƙarƙashinta kusa yake da sama. Dubban ramukan nan suna tsiyaya, tsofaffin bututun ruwa su ma suna yoyo, sai ruwan ƙasa ya yi ta hawa har ya ɓullo a kan tituna ya kwanta. Tankin da ya tsage yana zaune a cikin wannan dagwalo. Bututun famfo kuma, muddin akwai ruwa a cikinsa da ƙarfi, waje yake fesarwa ta inda ya fashe, amma ranar da aka ɗauke ruwa ya zama fanko, abin da ke kewaye da shi yake zuƙowa ciki. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan ne zai fara isa gidan mutum.

To a cikin wannan bayani, ina hannun ɗan Takari? Shi ne ke tsara ranakun rabon ruwa? Shi ne ke shimfiɗa bututu? Babban lambatun da zai ratsa birni mai mutum kusan miliyan huɗu ba aikin ɗan haya ba ne, ko da yana da igama, wato takardar izinin zama, balle wanda ke ɓuya daga 'yan kamu. Kuma bayyara ba ta san unguwar talaka ba. Manyan gidajen masu hali a arewacin garin su ma da ita suka daɗe suna amfani, su ma motar zuƙe masai suka riƙa kira. Ƙazantar ruwa da gida ke fitarwa gwargwadon ruwan da ya kashe ne, Saudiyya kuwa tana cikin ƙasashen da mutum guda ya fi kashe ruwa a duniya. Ko da ba a riƙe biro ba, an san wa ya fi cika ramin: gidan da ke da banɗaki shida da lambu, ko ɗakin da mutum takwas ke raba jarka.

Ba kuma rashin kuɗi ba ne. Tun hauhawar farashin mai na 1973 dukiya ke kwarara cikin Jidda. An ƙawata bakin teku da gumakan zane na mashahuran masu fasahar duniya. A 1985 aka buɗe maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwan teku sama fiye da kowace irinta a duniya. Abin da ake gani da ido an yi shi, an kuma yi shi da kyau. Abin da ke binne a ƙasa, wanda babu mai yanka masa kirtani a gaban kyamara, shi aka bari. Ɗan jaridar Amurka Lawrence Wright, wanda ya zauna a Jidda a 2003 yana aiki da jaridar Saudi Gazette, ya rubuta a mujallar New Yorker yadda aka ba shi labarin kwangilar magudanar da aka biya kuɗinta, aka jera murafan ƙarfe a kan tituna, amma ƙarƙashinsu babu bututu. Ko mutum ya ɗauki labarin yadda yake ko ya rage masa gishiri, 'yan ƙasa ne ke faɗarsa a kan manyansu, shekaru shida kafin babbar ambaliyar 2009.

Ina motocin zuƙe masai suka riƙa kai kayansu? Nan ne rubutun Malam ya yi shirun da ya fi ba ni mamaki, don ba a maganar ƙazantar Jidda a bar Tafkin Miski, kamar yadda mutanen garin suka raɗa masa suna don ba'a. Wani kwari ne a gabashin birnin, wajen Buraiman, a kan tudu sama da gari, wanda hukumar birni da kanta ta ware. Tun shekarun 1990 ɗaruruwan tankoki suka riƙa zuwa kullum suna juye bahayar birnin a can, har ya zama tafki na gaske, aka tare shi da madatsa. A wancan lokacin yana tsiyaya cikin ƙasa, yana haifar da sauro, mutanen unguwannin da ke ƙasansa suna kwana da fargabar ranar da zai ɓalle. Ba a ɓoye yake ba. Jaridun ƙasar sun yi ta rubutu a kansa. Babu baƙon haure ko ɗaya da ya sa hannu a takardar da ta ware wurin.

Sauron ma yana da nasa labarin. Zazzaɓin dengi ya bayyana a Jidda a 1994, ya kuma dawo da ƙarfi a 2006, shekarar da ƙarancin ruwa ya sa mutane suka riƙa yin dogon layi a wuraren rabon tankoki. Sauron da ke yaɗa shi a ruwan da aka tara aka ajiye yake ƙyanƙyasa, cikin duro da bokiti da tankin da ba a rufe ba. Mutum ba ya tara ruwa don sha'awa. Wanda famfonsa ke zuba dare da rana ba ya sayen duro.

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhajji 1430, alhazai suna kan hanyar Mina, aka yi ruwa na 'yan sa'o'i a Jidda. Ruwan ya gangaro daga duwatsun gabas ya bi tsofaffin hanyoyinsa, ya tarar an yi gini a kansu. Unguwannin Kuwaiza da Kilo 14 da babban titin Haramaini suka zama kogi, motoci suka hau kan juna. Alƙaluman hukuma sun ce sama da mutum 120 suka rasu. Ramukan bahaya suka tumbatsa, suka haɗe da tankunan ruwan sha, kwana da kwanaki hankalin gari yana kan madatsar Tafkin Miski. Sarki Abdullahi ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid Al-Faisal. A cikin takardar umarnin, Sarkin da kansa ya nuna takaicin cewa ruwa irin wannan yana sauka a ƙasashen da ba su kai Saudiyya ƙarfi ba, kuma ba ya yi musu wannan ɓarna. Bai jingina abin ga ƙaddara ba, bai jingina shi ga baƙi ba. Sarki ya nuna gidan gwamnati da yatsa, marubucinmu kuma ya zo bayan shekaru yana nuna unguwannin talakawa irin su Karantina.

A ranar 26 ga Janairu 2011 ruwa ya sake cin garin, mutum goma suka mutu. Ɗaya daga wuraren da suka fi shan wahala shi ne Ummul Khair, rukunin gidaje mai tsari, mai takardu, wanda hukuma ta amince a gina a bakin hanyar ruwa. Mai sha'awar sanin yadda fili a tsakiyar kwari yake samun takardar mallaka da izinin gini, ba a lungun 'yan Takari zai samo amsar ba.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina ita ce abin da ya faru da tafkin nan. A 2010 Sarki Abdullahi ya ba da wa'adin shekara ɗaya a kawar da shi. Kamfanin ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 2008, ya ƙafar da shi cikin 'yan watanni. Abin da ya yi sama da shekara goma yana barazana ga rayukan mutane, aka ce ya gagara, ya ƙare kafin wa'adi da zarar umarni ya fito daga sama. A lokacin unguwar Gulail tana nan, Sabil tana nan, Kandara da Karantina suna nan cike da mutanensu. Ba a kori kowa ba kafin a ƙafar da tafkin. Abin da ya rasa tun farko shi ne mai cewa a yi.

Sai mu zo ga hujjar Malam ta biyu, wai an hukunta masu laifi. An yi shari'a, gaskiya ne, kuma ba zan raina ta ba, don mu a nan ko wannan ba mu cika gani ba. Amma a duba yadda ta kasance. Sai a 2014, shekara biyar bayan ambaliyar, aka ji sakamako: an ɗaure mutum 45, an wanke 78. Tuhume-tuhumen na cin hanci ne da jabun takardu da wasa da muƙami, jaridu kuma suka riƙa kawo rahoton ba sunaye. Wanda yake magajin garin Jidda lokacin ambaliyar, Adil Faƙih, a 2010 aka ɗaga shi ya zama ministan ƙwadago, daga baya ya riƙe ma'aikatar tattalin arziki. A Nuwamba 2017 aka sauke shi, ya shiga cikin manyan da aka tsare a kamen otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad, aka kuma sanar cewa za a sake buɗe fayil ɗin ambaliyar Jidda. Ban kawo sunansa don in ɗora masa jakar tsaba ba. A 2005 ya hau kujerar, ya tarar da tafkin, ya tarar da gari ba lambatu. Abin lura shi ne, idan shari'ar farko ta kai ga tushe, me ya sa aka sake buɗe fayil bayan shekara takwas? A karo na biyun ma sulhu aka yi da mafi yawan waɗanda aka tsare, a bayan ƙofa. Gwamnati ta ce ta ƙwato dukiyar da ta haura riyal biliyan 400, amma ba ta baje wa jama'a wa ya yi me ba. Mutumin Kuwaiza da ya binne 'ya'yansa ya karɓi diyya, bai karɓi bayani ba. Lauyan da ya fito bayan ambaliyar ya ce zai kai hukumar birni ƙara a madadin iyalai, Walid Abul Khair, an yanke masa ɗaurin shekara 15 a 2014, bisa wasu tuhume-tuhume da suka shafi fafutukarsa ta kare haƙƙin ɗan Adam. Wannan ne tsarin da ake so gwamnoninmu su kwaikwaya?

Rusau ɗin da Malam ya fi yabo ya fara ne a ƙarshen 2021 ya ci gaba cikin 2022, ya shafi unguwanni sama da 60. Ƙungiyar Amnesty International ta ce mutanen da abin ya taɓa sun haura rabin miliyan, kuma tsarin diyyar ya bar waɗanda ba 'yan ƙasa ba a waje. Cikinsu akwai waɗanda a nan aka haifi kakanninsu. Bahaushe ba jiya ya fara zama a Hijaz ba. Tun kafin jirgin sama mutanenmu ke takawa ta Chadi da Sudan su haye teku daga Sawakin, wasu kuma guguwar zuwan Turawa ce ta kora su gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu ne Hausawin da ake ji, uku daga cikinsu ma suna cikin tawagar da ta wakilci Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Amma bar wannan, mu tsaya kan ruwa. Ranar 24 ga Nuwamba 2022, bayan an share mafi yawan unguwannin nan, aka yi ruwan da ya kai milimita 179 a kudancin Jidda cikin sa'o'i shida, fiye da na 2009. Tituna suka cika, aka rufe hanyar Makka na wani lokaci, jirage suka yi jinkiri, mutum biyu suka rasu. Ruwa bai fasa cin gari don an kori talaka ba. Abin da ya sa mamatan suka zama biyu maimakon ɗari shi ne madatsu da manyan magudanan da aka gina a gabashin garin bayan 2011, aikin da aka ɗora wa kamfanin Aramco kulawa da shi. Siminti da bututu ne suka ceci rai, kuma su ne abin koyin da ke Jidda in ana neman abin koyi.

Ba na cewa unguwannin nan aljanna ne. Akwai cunkoso, akwai masu sayar da ƙwaya, akwai masu satar jona famfo, akwai masu zubar da shara a kwata. Wanda ya je Umara ya ƙi dawowa ya karya dokar ƙasar mutane, kuma ya ja wa na bayansa tsanani. Duk wannan a faɗa, ni ma ina faɗa. Amma laifin ƙin bin dokar zama daban, laifin barin birni ba magudana daban. Haɗa su wuri guda yana yi wa wanda ya riƙe kasafin kuɗi shekara talatin daɗi, don ya samu wanda zai ɗaukar masa kaya kyauta.

Kada kuma a ɗauka ina cewa akwatin zaɓe maganin gurɓataccen ruwa ne. A Flint ta jihar Michigan a Amurka, a 2014 aka sauya wa gari tushen ruwa zuwa kogin Flint don a rage kashe kuɗi, ba a sa maganin da ke hana bututu zagwanyewa ba, gubar dalma ta shiga jinin yara. Mazauna garin, akasarinsu baƙaƙen fata ne marasa ƙarfi, suka yi ta ɗaga kwalaben ruwa mai launin ƙasa ana ce musu lafiyarsa lau. A lokacin ragamar garin tana hannun kantoman da gwamnan jiha ya naɗa. Magajin garin Jidda shi ma naɗa shi ake yi. Jami'in da aka naɗa sama yake kallo, don daga can alherinsa da sharrinsa suke zuwa, kuma kukan na ƙasa ba ya isa gare shi sai ya zama abin kunya ga na sama. Mu da muke zaɓe mun san haka, tunda shugabannin ƙananan hukumominmu kusan duk gwamna ne ke tsayar da su.

Wannan ya kawo ni gida, inda shawarar Malam ta fi ba ni tsoro. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano da Bauchi da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi jin jiki. Duk wanda ya san Kano ya san hoton: matatun Challawa da Tamburawa suna nan, amma unguwanni da yawa sun manta rabonsu da ruwan famfo, 'yan ga-ruwa ne ke shayar da gari da kurarsu. Bututun da ya rage yana bi ta cikin kwata. Rijiya tana nan, masai yana can, bango ɗaya tsakani. Rafin Jakara yana ɗauke da dagwalon birni, masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sako nasu. Ciwon Jidda ne sak, sai dai mu ba mu da kuɗin mai irin nasu. Idan gobe aka sa katafila a Fagge ko Kurna, mutanen za su koma bayan gari su haƙa sabuwar rijiya kusa da sabon masai, nesa da asibiti, kuma filin da suka bari mun san irin waɗanda za a yanka wa shi.

Malam, alƙalaminka yana da masu saurare, har a gidajen gwamnati. Ina roƙonka ka sake ɗaukarsa ka tambayi hukumar ruwa ta jiharka lita nawa take tacewa a rana, nawa ke isa gidaje, unguwa nawa ce ke samun ruwa kullum, nawa aka ware wa ruwa da magudana a kasafin bana, nawa kuma aka saki. A buga amsar da sunan wanda ya bayar. 'Yan Takarin Jidda an riga an rushe musu gidaje, wasu an maido su gida da jaka ɗaya. Kada mu ƙara musu da laifin da Sarkin ƙasar da kansa bai ɗora musu ba.